Kwalba Ɗaya a Yini

Daga jirgi

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, Baba kuma jiki da sauƙi. Ya ɗinki? Ni lafiyata ƙalau, sai zafin ɗakin inji, shi kuwa ya zame mana jiki. Jiya muka tsaya a tashar jiragen ruwa ana sauke kaya, na samu layi na kira ki. Wayarki ta yi ta ƙara ba ki ɗaga ba, sai na kira Gwaggo.

Auta, me nake ji haka? Gwaggo tana kuka take gaya min kin hana Baba ruwa. Ta ce kin sa wa firji kwado, kin kwance kan famfon banɗakinsa kin ɓoye a aljihun keken ɗinki. Ta ce ta je duba shi ta tarar leɓɓansa sun tsattsage, ya riƙe mata hannu yana roƙon ko rabin kofi ne, ke kuma kina tsaye a bakin ƙofa kin harɗe hannu. Ruwa fa, Auta! Abin da ko maƙiyinka ya roƙa ba ka hana shi.

Na san likita ya ce ciwon ƙoda ne, na san kuma ana kai shi wankin ƙoda. To ai ƙoda ruwa take so, wannan ko yaro ya sani. A bayan ƙofar banɗakinmu na ɗakin inji akwai hoto da aka manna mai launin fitsari iri-iri, daga fari har zuwa kalar shayi. In naka ya yi duhu, shugaban injiniyoyi ba zai bari ka koma bakin aiki ba sai ka shanye gora a gabansa. Bara wani mai walda da muke aiki tare ya yi wasa da shan ruwa, tsakuwa ta taru masa a ƙoda, ɗaukarsa aka yi aka sauke daga jirgi yana ihu. Da idona na gani. Saboda haka kada ki zo min da zancen likita ya ce. Ko dai ba ki fahimci likitan ba, ko kuma kin gaji da zubar da fo ne kike rage wa kanki aiki. In na biyun ne ki fito fili ki faɗa, in nemo mai jinya.

Na gaya wa Gwaggo duk lokacin da Baba ya nemi ruwa ta ba shi, in kin yi magana ta ce ni na ce. Ki cire kwadon nan. Ni ne babba a gidan nan, ko ina tsakiyar teku.

Gobe za mu tashi, babu layi kuma sai tasha ta gaba. Ki aiko amsa ta ofishin wakilin kamfani kamar yadda kika saba. Ki gaishe min da Baba.

Yayanki

*

Daga gida

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. A tsaye na karanta ta, don zama ya gagare ni. Lafiyata ƙalau, tunda ka tambaya a layin farko kafin ka yanka ni a na biyu. Baba yana nan, jiki yau sauƙi gobe akasin haka.

Ban ɗaga wayarka ba don ina riƙe da kwanon da Baba ke amai a ciki. Daga yau kuwa ko hannuna babu komai ba zan ɗaga ba, don ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. A takarda dole ka bi ni har ƙasa.

To, babban injiniya, saurara. Mai waldarku ƙodarsa tana aiki, shi ya sa ruwa yake masa magani. Kai ma taka tana aiki, ka sha har cikinka ya yi ƙara. Na Baba duka biyun sun tsaya. Hawan jinin da ya yi shekaru yana ɓoye mana, yana cewa ciwon kai ne kawai, shi ya cinye su. Fitsarin da yake yi daga safiya zuwa wata safiyar bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Na sani don ni nake aunawa. Ni, 'yarsa ta cikinsa, ni nake ɗaukar fo ɗin ubana in juye a jug mai layi-layi, in ɗaga in duba a hasken taga, shi kuma ya juya fuskarsa bango don kunya. Wannan ne aikin da ka ce ina gudu? Da ma ya yi yawa! Ranar da fo ɗin nan ya cika, wallahi sai na taka rawa a tsakar gida.

Ka taɓa ba ni labarin famfon da ke kwashe ruwa daga ƙasan jirginku. In ya mutu, ƙara kwarara ruwa kuke yi a wurin? Duk abin da Baba ya sha ba shi da hanyar fita. Yana taruwa a ƙafafunsa, ya hau cikinsa, in ya yi yawa ya shiga huhu. Sai ranar wanki na'ura ta zuƙe shi. Kafin a haɗa shi da na'urar sai ya hau sikeli, sikelin kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. In nauyinsa ya ƙaru da yawa sai na'ura ta ja da ƙarfi, jijiyoyin ƙafarsa su ɗaure, jininsa ya sauka, ya yi ta kiran Mama, wadda ta yi shekaru a kabari. Ni ce a kujerar roba kusa da shi ina matsa masa ƙafa. Nas ɗin kuma ni take harara, tana cewa, "Ke, me kike ɗura masa a gida?"

Likita ya auna masa kwalba ɗaya a yini. Na ɗaura jan zare a wuyanta, a inda aka ce a tsaya. Shayinsa a cikin lissafin kwalbar nan yake, haka romon miya, haka ruwan haɗiyar magani, har kankana sai an cire mata nata kason. Na daina sa gishiri a girki don yana tayar da ƙishirwa. Ina ɗiban kaɗan daga kwalbar in daskarar in yi masa 'yan ƙanƙara ya tsotsa. Ina yanka masa lemun tsami. Ina ba shi ya kurkure baki ya tofar, ina tsaye a kansa don kada ya haɗiye. Famfon kuwa na kwance shi ne ranar da na same shi durƙushe a banɗaki ya kafa baki a kai. Baba fa, wanda muna yara in ya ga mun sha da bakin gora sai ya ja mana kunne.

Kana tsammanin ba na ganin leɓɓansa? Ni nake shafa musu man kaɗe. Gwaggo tana zuwa ta yi kukanta na rabin awa ta koma gidanta ta yi barci, kai kana da teku tsakaninka da muryarsa. Ni ce nake jin ta daga safe har dare.

Tun da Gwaggo ta samu izininka take zuwa kullum da gora a ƙarƙashin mayafi. Na kama ta, ta ce, "Babban gida ne ya ce." Baba ya ji, yanzu shi ma waƙar da yake yi ke nan. Kafin maganarka yana mita, amma yana bi. Yanzu cewa yake ɗansa ya san gaskiya, ni ce muguwa.

Ka kira Gwaggo ka janye maganarka. Ba roƙonka nake yi ba.

Auta

*

Daga jirgi

Auta,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fata Baba ya samu sauƙi. Ke ban san lafiyarki ba, tunda ba ki ga damar sanar da ni ba.

Mun iso tasha ta biyu. Ina sauka na nufi ofishin wakili, ya bincika ya ce babu takarda da sunana. Na kira ki, kin bar wayar tana ta kuka. Na gane. Da kina da abin faɗa da kin faɗa.

Gwaggo ta ce yanzu har mayafinta kike ɗagawa a bakin ƙofa kamar jami'ar kwastan. Ƙanwar ubanki, Auta! Ta haɗa ni da Baba a wayarta. Muryarsa ta dushe, da ƙyar nake gane abin da yake cewa. Ya ce min, "Ka cece ni daga hannun yarinyar nan." Ina tsaye a bakin tasha cikin mutane hawaye suka zubo min. Na ce masa ya sha ruwansa, alhakin yana wuyana.

Tunda ke ba a isa a gaya miki ba, na yi maganin abin. Na sa abokina direba ya sayo injin ruwa mai sanyi, irin na ofis mai ƙatuwar gora a kai. Zai kafa shi a ɗakin Baba daf da gado, inda hannunsa zai kai ba sai ya roƙi kowa ba. Kada ki taɓa shi. In na ji kin taɓa, za ki san ni ne na goya ki.

Ban san yaushe kika zama haka ba. Da ke ce ko kyanwa kika ga tana lasar bututu sai kin ɗauko mata murfin kwano.

Yayanki

*

Daga asibiti

Yaya,

Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba. Ina lafiya, sai ɗan ciwon baya, na keken ɗinki ne. A kan benci nake rubuta maka, a bakin ɗakin da aka kwantar da Baba. Daga takardarka ta biyu na gane ba ka ga tawa ba lokacin da ka rubuta. Wannan bai wanke ka ba.

Kyautarka ta iso. Ina shago ina haɗa wa wata mata kayanta direbanka ya zo, Gwaggo ta buɗe masa. Da na dawo da azahar na tarar an kafa injin, har da ɗan kofi a rataye, gorar kuma ta sauka da yawa. Baba yana kwance yana murmushi, rabon da in ga haka a fuskarsa na manta. Na zare wayar daga bango, na rungumo gorar na kai tsakar gida na tuntsurar.

Ka san abin da ya ce min? A gaban Gwaggo, a gaban direbanka da ya tsaya shan iska. Ya ce, "Allah ya ɗanɗana miki ƙishirwar da kike ɗanɗana min. Ke ba 'yata ba ce, na cire ki." Ya nuna ni da sandarsa yana faɗa. Na yi shekara ina wanke mutumin nan, Yaya.

Washegari da safe na kai masa magani na tarar da shi zaune a bakin gado ya dafa gwiwoyi. Ba ya iya kwanciya. Numfashinsa yana ƙara kamar butar da ta tafasa, kumfa na fitowa a gefen bakinsa, idanunsa sun firfito yana kallona, ya kasa ko kiran sunana. Ni da mai tasi muka kinkime shi. Duk hanya kansa yana waje ta taga yana neman iska. Ruwan da ka ce alhakinsa yana wuyanka, a huhunsa yake.

Sun sa masa robar iska a hanci, suka ɗora shi kan na'ura ba ranarsa ba, aka ɗaga wani bawan Allah da ya zo tun asuba yana jiran layinsa. Likitar sashen wanki ta fito ta same ni a nan bencin. Ba ta yi min ihu ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Na ɗauka ke kin gane." Ban ce mata yayana ne ba. Na rufa maka asiri, ban san dalili ba.

Baba ya tsira. Zuciyarsa ta jigata, sun ce in aka sake irin wannan kada mu sa rai. Yanzu yana numfashi da kansa, ya kuma samu ƙarfin juya min baya in na shiga. Gwaggo tana can ƙarshen baranda ta rufe kai da mayafi, ta kasa haɗa ido da ni.

Ka nemi hutu ka dawo. Zan riƙe kwalbar nan har ka iso, don ba zan bar shi ya mutu saboda haushinka ba. Amma ranar da ka sauke jakarka a gidan nan, ranar zan ɗauki tawa. Kai ne babba, ka zo ka yi girman.

Auta

*

Daga jirgi

Auta,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba? Yau wakili ya miƙo min takardunki biyu a haɗe, ta farkon ashe ta biyo mu a baya daga tasha zuwa tasha. Na karanta su a kan matakala, ban iya kai wa ɗakina ba.

Me ya sa ba ki ɗaga waya ba? Magana ɗaya, Auta. Da kin ɗaga kin ce min huhu, da ban aika kowa ba. Kin zaɓi ki yi fushi a takarda, kin san takarda tafiyar kunkuru take yi kafin ta same ni. Ban ce ba ni da laifi ba, amma kada ki ɗora min shi ni kaɗai.

Na nemi hutu, shugaba ya ce sai an samu wanda zai karɓe ni a tasha ta gaba. Na kira ki yau ma, wayar a kashe. Ta Gwaggo ma ba ta shiga. Don Allah ko layi ɗaya ne ki aiko.

Yayanki

*

Daga gidan ubanku

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina maka fatan alheri. Ni Gwaggonka ce, maƙwabciyarku malamar makaranta take rubuta min, na ce ta rubuta yadda na faɗa kada ta gyara. Ƙafafuna suna nan da ciwonsu. Ubanka an sallamo shi. Wayata ta faɗa a bokiti, kada ka wahalar da kanka.

Kai ka ce in ba shi ruwa, na ba shi, ga abin da ya faru. Ni ban yi boko ba, kai ka yi. Wannan magana ce ta ranar da ka zo, na ajiye maka ita.

Yanzu ƙanwarka ce a kwance. Ranar wankin ubanka, suna dawowa ta zaunar da shi, ta shiga kicin, sai na ji faɗuwar tukunya. Na same ta a ƙasa ta riƙe kwiɓi, jiki kamar garwashi, tana rawar sanyi. Ashe ta daɗe tana fitsari da zafi, har da jini, ba ta gaya wa kowa ba. A asibiti suka ɗauki hoto suka ce tsakuwa ce a ƙoda, ciwo kuma ya hau daga mafitsara ya same ta a can.

Likita ya tambaye ta yaya take shan ruwa, ta kawar da kai. Ni na gano. Na je ɗauko mata zani na ga wata kwalba a ƙarƙashin keken ɗinki, da jan zare a wuya, irin ta ubanka sak. Na kai mata gadon asibiti na ce mene ne wannan? Ta ce tun ranar da aka auna masa, ita ma ta auna wa kanta. Wai ba ta iya haɗiye ruwa yana jin ƙarar maƙogwaronta ta bango. Da zafin nan, tana taka keke yini guda! Ga riƙe fitsari, wai in sun je wanki ba ta iya tashi ta bar shi. Na ce mata ke mahaukaciya ce? Ta ce in tambayi yayanta, shi ya san sunan da ya dace da ita.

Yanzu kai ka ji min wannan masifa. Gida ɗaya, ciwo ɗaya, ƙoda da ƙoda. Wannan an ce in ya sha zai mutu, waccan an ce in ba ta sha ba za ta mutu. Na ce wa likitan su tsaya a magana ɗaya mana, ya yi min dariya.

Ni ke riƙe da kwalbar ubanka. Yayana ne, tare muka tashi. In ya ce min "ƙanwata, ɗan ƙara," sai in fita tsakar gida in yi kuka in dawo in ce babu. Ban ƙara masa ko ɗigo ba, na ga abin da na gani. Amma ba zan daɗe ina iyawa ba. Na ce masa Auta ta tafi sarin yadi, bai san tana asibiti ba. Bai tambaya ba, sai dai kullum idonsa yana kan ƙofa.

Ta ce in an sallame ta ba gidan nan za ta dawo ba, ɗakin bayan shago za ta zauna, tunda an cire ta. Ka zo ka kwashe abin da ka zubar.

Gwaggonka

*

Daga gida

Auta,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki? Gwaggo ta ce tsakuwar ta fita, zazzaɓin ma ya sauka. Alhamdu lillahi. Na dawo gida, na zo shago har sau biyu, ina jin motsinki a ciki kika ƙi buɗewa. To ga takarda, tunda ita kika fi so. Mai babur zai jira amsa. Ki karanta da sauri, ba ta gaisuwa ba ce.

Na kai Baba wanki. Na tsaya kusa da sikeli kamar ni ake aunawa. Nas ɗinki ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne na jirgin?" Ban san wa ya gaya mata ba. Na zauna a kujerar robar nan, na matsa ƙafar. Na auna fo. Ba sai na ce miki komai a kan wannan ba.

Ni da na ce ya sha, ni nake ce masa babu. Jiya da rana kwalba ta ƙare tun kafin la'asar, don ban iya rabawa yadda kike yi ba. Ya roƙa, na hana. Ya ce min munafuki, ya ce gara ke, ke tun farko fuska ɗaya gare ki, amma ko ke ɗin kin gudu kin bar shi kina can kina shan mai sanyi. Nan raina ya ɓaci na manta da uba nake magana. Na ce masa ba yadi kika je saya ba. Na gaya masa asibitin, na gaya masa tsakuwar, na ɗauko kwalbarki na dangwarar masa a kan gado kusa da tasa. Gwaggo tana ta ja min riga, ban tsaya ba sai da na gama.

Bai sake neman ruwa ba har aka kwanta.

Yau da safe ina wanke masa kaya na ji ƙarar famfon kicin. Na shigo da gudu na tarar ya dogara sanda ya cika babban jug ɗin nan na baƙi har baki. Ya kai shi falo da kansa, yana tafe yana zuba, ya zauna ya ɗora a cinya ya rungume. Na ce Baba, mene ne haka? Ya ce, "Na 'yata ne. Ka je ka ce ta zo ta shanye a gabana, ina so in ji yana wuce mata wuya. In aka kira la'asar ba ta zo ba, ni zan shanye, ku huta."

Na yi lallashi, na yi faɗa, Gwaggo ta durƙusa masa. Na kai hannu zan ƙwace, ya kare da hannun hagu, wanda ake sa masa allurar wanki, ya san sarai ba zan ja shi ta nan ba. Kin san Baba in ya kafe. Tun safe ruwan nan yake ƙarƙashin haɓarsa, jikin jug ɗin yana raɓa, shi yana lasar leɓe, bai kai baki ba. Ko ƙanƙararsa ta yau ya ƙi karɓa.

Ina jin haushinsa, ina jin haushinki, ke da kika kusa kashe kanki a ɓoye don taurin kai irin nasa. Nawa haushin na kaina ki bar min shi. Ba sai kin yi min magana ba in kin zo, zan fita waje in kina so. Amma azahar ta wuce, Auta, kuma ban san ko wasa yake yi ba.

Yayanki

*

Daga shago

Yaya,

Jiki da sauƙi. Ba zan iya hawa babur da kwiɓin nan ba, don haka ga amsa ta riga ni, ni ina neman tasi.

Tsoho da furfurarsa yana yi wa mutane barazana da jug! Ka zauna ta damansa, kada ka sake kai hannu wajen na hagun nan. Ka jiƙa tsumma ka goga masa a leɓe, ka ce ni na ce ya karɓi ƙanƙararsa. Ka kuma gaya masa ba a shanye jug a zama ɗaya, likita ya ce kaɗan-kaɗan yini guda, saboda haka ya shirya zai daɗe yana kallona.

Ban yafe muku ba, ku duka ukun, kuma ba inda za ka fita, kana nan a zaune za ka ji sauran.

Ka ce masa ina hanya. Ya cire haɓarsa daga kan ruwana.

Auta